Yadda za ki zaɓi hannun da zai riƙe miki yaro kafin makaranta da bayan an tashi

Wata Alhamis cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke hana mutum taka ƙasa ba takalmi, na dawo daga aiki wajen ƙarfe huɗu da rabi na tarar ba ɗana a gida. Shekararsa shida a lokacin. Ni na ɗauka yana wurin Inna, mahaifiyar maigidana, kamar kullum. Inna ta ɗauka daga boko ya zarce Islamiyya tare da 'ya'yan maƙwabta, ta sha'afa cewa ranar Alhamis ba a zuwa. Mai kabu-kabun da ke ɗauko shi mashin ɗinsa ya lalace, ya kira ni ina cikin taro ban ɗaga ba, sai ya ɗauka ai zan ga kiran in nemi wani. Maigadin makaranta kuwa da ya ga yaro ya bi ayarin 'yan ajinsu, ya zaci unguwarsu ɗaya. Sai gab da magariba muka same shi a zauren wani bawan Allah da ya ba shi ruwa ya zaunar da shi, leɓɓansa sun bushe, takalmi ɗaya a hannu.

Mu huɗu ne manya a kan yaro ɗaya, babu mugu a cikinmu, babu kuma wanda ba ya ƙaunarsa. Amma tun daga tashin makaranta har gab da magariba babu wanda ya san a hannunsa yaron yake. Muna cewa ɗa na kowa ne, kuma albarkar wannan magana ce ta sa bawan Allah nan ya tsayar da shi. Sai dai a gari irin na yau, inda uwa ke sakatariyar Gwadangaji, uba na kasuwa ko ya tafi Jega, gida na Gesse, makaranta na Badariya, wannan kaɗai ba ta riƙe yaro. Kowace awa ta yininsa sai ta kasance da sunan mutum guda a kanta, mutumin kuma ya san an ɗora masa, ya amsa da bakinsa. Duk matakan da zan kawo a kan wannan suka tsaya.

Fara da takarda da biro

Kafin ki nemi kowa, ki zauna da maigida ku rubuta mako guda, daga Litinin zuwa Lahadi. A kowace rana ku sa lokacin da kuke fita, lokacin da ake buɗe ƙofar makaranta, lokacin tashi, lokacin Islamiyya ko allo, da lokacin da na farkonku ke dawowa. A gaban kowane lokaci ku rubuta sunan wanda yaro ke hannunsa. Inda kuka rasa sunan da za ku sa, ko kuka ji bakinku na cewa "ai akwai mutane a gidan", nan ne ramin.

Za ki ga ramukan sun fi yadda kike zato. Akwai na safe, ga malamar asibiti mai karɓar aiki da sassafe ko mai tafiya Kalgo kullum. Akwai na tsakanin tashin boko da la'asar. 'Yan rabin aji sukan riga 'yan firamare tashi, don haka mai yara biyu ramukanta biyu ne. Ranar Juma'a ana tashi da wuri, maza kuma duk sun tafi masallaci, unguwa ta yi tsit. Yawancin makarantun allo da Islamiyya na hutun Alhamis da Juma'a, ga shi boko na aiki a ranakun. Wannan saɓanin shi ya ci ni, shi ya sa nake nanata shi.

Sannan ki dubi yaron kansa. Ɗan shekara huɗu barcin rana yake so da wanda zai kai shi bayi. Ɗan shekara tara wasa yake so da wanda zai tsare shi ya yi jinga. Mai sikila ko asma ba ko'ina ake ajiye shi ba, musamman cikin ƙurar hunturu.

Ki jera hannayen da kike da su

Na farko da kowa ke tunawa dangi ne: kaka, gwaggo, ƙanwar uwa, matar wa. In akwai, babu kamarsu wajen ƙauna. Amma a nan ne kunya ta fi yi mana illa. Tsohuwa ba za ta taɓa ce miki ta gaji da jikanta ba, ko da ƙafa na ciwo, ido ya yi rauni, barcin azahar na ɗaukarta a kan tabarma. Kada ki ɗauki shirunta a matsayin amsa. Bayan abin da ya faru, na samu Inna ita kaɗai na ce, "Inna, ko za ku iya riƙa mana shi daga azahar zuwa la'asar? In da wahala ku faɗa min, wallahi ba zan ji komai ba." Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Ɗiyata, ci da sha da kwanciya na iya. Amma in ya fita ƙofa, ba ni da ƙafar bin shi." Wannan amsa ta fi min "ba komai" sau dubu. Sai muka raba: Inna na da cikin gida, wani ke da hanya.

Na biyu maƙwabciya mai zaman gida. Wannan hanya na da kyau in matar na da natsuwa kuma gidanta ba mashiga ba ce. Ki lura da waɗanda ke shige da fice: samari 'yan haya, ƙannen miji, almajirai masu aiki, masu sayen kaya in tana sana'a. Ki lura kuma ko tana ɗora wa nata 'ya'yan talla, don wata rana za a ce naki ya raka su. Na ga wasu mata huɗu a layi ɗaya da suka yi karɓa-karɓa kamar adashe, kowacce na da ranar da take tara yaran duka a gidanta. Ya yi aiki domin sun rubuta ranakun sun manna a bango.

Na uku mai raino ko 'yar aiki. A nan zan yi magana ba kwana-kwana. Yarinya 'yar shekara goma da aka kawo daga ƙauye ita ma rainon take buƙata. Ba za ta iya da gobarar gas ba, ba za ta iya hana babban namiji shiga gida ba, ba ta san abin yi in yaro ya shiɗe ba. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau a gida. Ko ba doka, ɗiyar wani ce da ya kamata a ce tana aji. Ki nemi babbar mace, bazawara ko dattijuwa mai sauran ƙarfi, wadda aka san gidansu da danginta, wadda mai unguwa ko limami zai iya cewa ya san ta. Haka ma babbar ɗiyarki: ta taya, amma kada ta zama ita ce sunan da ke kan takarda tun ba ta mallaki hankalin kanta ba.

Na huɗu makarantar kanta. Makarantun kuɗi da yawa na yin lesin bayan tashi, wasu kuma sun haɗa boko da Islamiyya ko hadda, yaro ya wuni sai la'asar ko bayanta. Amfanin wannan babba ne: an rage hawa mashin, an rage miƙa yaro daga hannu zuwa hannu. Amma ki bincika ko da gaske ana kula da su, ko kuwa tara su ake a aji guda malami na danna waya har iyaye su zo. Akwai kuma gidajen rainon yara masu karɓar 'yan makaranta da rana.

Tafiya da yaro shago ko ofis kuwa maganin rana ɗaya ne, ba na zango ba. Bakin titi, injin niƙa, janareta da tukunyar suya ba wurin ɗan shekara biyar ba ne.

Ki je da ƙafarki, ba tare da sanarwa ba

Gani ya kori ji. Duk wurin da zuciyarki ta kwanta da shi, gida ne ko makaranta, ki je sau biyu. Na farko ki sanar. Na biyu ki faɗa musu kwatsam, daidai lokacin da yaronki zai kasance a wurin, wajen ƙarfe biyu zuwa uku na rana, sa'ar da kowa ya gaji. Wurin da aka hana uwa shiga sai da izini tun jiya, ki bar shi.

In kin shiga, ki fara da sauraro. Wurin yara mai lafiya akwai hayaniya da dariya. Shirun da ya yi yawa, ga dorina jingine a kusurwa, tsoro ne ke riƙe da su. Ki ƙirga yara, ki ƙirga manya. A ganina mace ɗaya ba ta iya wa ƙananan yara fiye da yatsun hannuwanta, kuma dole a samu na biyu, domin in ta shiga sallah ko bayi wa ke kallo?

Ki nemi a kai ki bayi. Nan ne ake gane gaskiyar wuri, ba a ofishin shugaba ba. Akwai ruwa? Akwai sabulu? Bakin masai ya yi faɗin da ƙaramin yaro zai iya zurmawa? Ki duba randar ruwan sha: a rufe take, da moɗa mai hannu, ko kowa na tsoma kofinsa? Ki tambayi inda ake ɗebo ruwan.

Ki ɗaga kai ki dubi rufi. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafin nan kan haura digiri 40, ɗakin kwano mara silin da taga ɗaya tanda ne. Kuma lokacin ne na sanƙarau, wanda cunkoso a ɗaki mara iska ke taimaka wa yaɗuwa. Ba mu manta yadda ya ɓulla a Gwandu, Jega da Aliero a farkon 2025 ba. Ki tambaya ko fankar na da sola, ko sai an kawo wuta. Ki ga ko akwai inuwar bishiya ko rumfa a tsakar gida.

Sai ki sunkuyar da kai ki dubi wurin da tsawon yaro. Rijiya a buɗe, durom cike da ruwa, bokiti a bakin famfo: ƙaramin yaro na iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwarki ba, kuma ba a jin ƙararsa. Kalanzir ko fetur a gorar lemo, fiya-fiya a ƙarƙashin gado, maganin tsohuwa a kan taga, wayar wuta a zare, tukunyar gas kusa da wurin wasa. In gidan na kusa da fadama ko kududdufi, ki sani da damina yara za su so zuwa wanka. Haka mutanen Argungu da Yauri da ke bakin gulbi. Ki duba ƙofar waje: tana rufuwa? Wa ke riƙe da ita?

A makaranta ko gidan raino, ki nemi ganin takardar rajistarsu da hukuma. Ki kuma tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi ki yi hira da iyaye biyu ko uku, ba waɗanda makarantar ta zaɓa miki ba.

Tambayoyin da ake jin nauyin yi

Kada ki tambayi mai riƙon ko tana da haƙuri, kowa zai ce yana da shi. Ki kawo mata misali ki ji me za ta yi.

"In ya yi rashin ji, yaya kike hukunta shi?" Ki faɗi iyakarki a fili tun yau: ba mari, ba duka a ka, ba kullewa a ɗaki, ba hana abinci.

"In jikinsa ya yi zafi fa?" Amsar da kike so ita ce ta kira ki nan take, ta rage masa kaya, ta ba shi ruwa. Ba ta aika kemis a haɗo magani ba, ba ta jiƙa masa saiwa ba tare da saninki ba. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya ko amai, asibiti kai tsaye.

"In ya kama jijjiga?" Mutane da yawa za su ce a sa cokali a baki ko a ɗura masa wani abu. Ki koya mata: a kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai buge shi, kada a sa komai a bakinsa, a nufi asibiti. In ya sha kalanzir, ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja, domin yana iya sarƙewa ya shiga huhu. In ya ƙone, ruwa mai sanyi ake zuba wa wurin kamar minti 20, ba man goge baki ko ƙwai ba. In gudawa ce, a fara da ruwan gishiri da sukari. Ki ajiye mata ƙunshi biyu ko uku na ORS. Ku yanke tun yanzu asibitin da za a nufa, Sir Yahaya ne, asibitin tarayya ne, ko na unguwa mafi kusa, da kuma wanda ke da abin hawa a layin.

Sai tambaya mafi nauyi: "Wa da wa ke iya keɓewa da shi?" Mafi yawan masu lalata da yara ba baƙi ba ne, mutane ne da yaron ya sani kuma gida ya yarda da su. Wannan ya shafi maza kamar yadda ya shafi mata. Sharaɗina shi ne ba a aika min yaro ɗakin kowa, ba malamin da zai tsare shi shi kaɗai a aji bayan kowa ya watse, lesin kuma a tsakar gida ake yi inda ido ke gani. Wanda ya ji haushin wannan sharaɗi ya sauƙaƙa miki zaɓi.

Hanya

Sau da yawa ɓatan yara ba a gida ko a aji yake faruwa ba, a wurin miƙawa ne. Don haka ki ba wannan mataki lokacinsa. In mai kabu-kabu ne ko mai Keke Napep, ya zama mutum ɗaya tsayayye wanda maigida ya san gidansa, ba tashar da yake tsayawa kaɗai ba. Ki bi shi a baya wata rana ki ga tuƙinsa da yawan yaran da yake lodawa. Yara biyar a kan mashin, ɗaya a kan tanki, ba rangwame ba ne, ganganci ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin hawa ya tashi, shi ya sa lodin ya ƙaru. Gara ku haɗu gida biyu ko uku ku ɗauki Keke guda.

Ki kai shi makaranta da kanki ki nuna wa maigadi da malamar aji. Ki ba su sunayen mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauki yaron, a rubuce, da lambobinsu. Duk wanda ba ya ciki, ko ya ce shi kawunsa ne, sai an kira ki an ji muryarki. Shi kuma direba ku yi ƙa'ida: in ba zai samu zuwa ba, ba ya turo abokinsa, kuma kira ɗaya bai wadatar ba, ya kira ki, ya kira maigida, ya kira mai riƙo, har sai wani ya amsa. In ya kawo yaro, ba ya sauke shi a bakin layi. Sai ya yi sallama mai riƙo ta fito ta karɓa. Ita kuma ta yi miki filashin ko ta turo "ya iso". Ni saƙon yakan shigo min kafin biyu da kwata. In biyu da rabi ta yi ban gani ba, ni ke kira.

Yaron ma ki ba shi nasa. Ya haddace cikakken sunansa, sunan mahaifinsa, unguwarsu da lambar waya ɗaya, kamar yadda yake haddace sura. Ki rubuta lambar a cikin jakarsa. Ki ce masa: in ba a zo ba, ka zauna wurin maigadi, ko kowa ya tafi.

Ki tanadi hannu na biyu. Mai riƙo za ta yi rashin lafiya, za ta tafi biki ko gaisuwar mutuwa. Kuma tun bayan sace ɗalibai a Jangebe ta Zamfara a Fabrairun 2021 da kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin shekarar, mun san ana iya rufe makarantu ba shiri. Ki san gidan da yaro zai nufa in an tashe su ƙarfe goma na safe, makaranta ma ta sani.

Kuɗi da sharuɗɗa

Ki yi maganar kuɗi ranar farko: nawa, yaushe, wa ke kawo abinci, me za a ƙara in kin makara. Ki biya a kan lokaci, domin matar da ke bin ki bashin wata biyu ba za ta riƙe miki ɗa da sakakkiyar zuciya ba. Dangi da maƙwabta sukan ƙi karɓar kuɗi. To ki kai shinkafa, sabulu, mai, katin waya, ɗinkin sallah, kada ki bari nauyin cin yaronki ya hau tukunyar wani. Abincin rana kuwa na fi son in zuba nawa a kula, ko shinkafa da wake ce, da gorar ruwa babba.

Gwajin mako biyu

Ki ce mata gwaji ne na mako biyu, don in bai yi ba a rabu ba ɓacin rai. A kwanakin nan ki sa ido a kan yaron. Kukan kwana biyu ko uku na farko ba komai ba ne. Abin dubawa shi ne wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo yi, mai surutu ya koma shiru, ya ƙi cin abinci, ko ya riƙe zanenki in an doshi wani gida ko an ambaci wani mutum. Ki riƙa yi masa wanka da kanki wasu ranakun ki ga jikinsa.

Kada ki tambaye shi "lafiya dai ko?", zai ce lafiya. Ki ce, "Me kuka ci? Wa ya zauna kusa da kai? Me ya ba ka dariya? Wa ya ba ka haushi?" In ya faɗi abin da ya tayar miki da hankali, kada ki yi masa tsawa ko ki ƙaryata shi, don ba zai sake faɗa ba. Ki janye shi daga wurin ranar, bincike ya biyo baya. In kuwa akwai alamar an taɓa shi, asibiti za a fara zuwa ba tare da jinkiri ba, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Rufa-rufa don gudun abin kunya mai laifin kaɗai take amfana.

Ki kuma duba ko tsarin bai yi masa nauyi ba. Wani yaron daga allon asuba sai boko, sai lesin, sai Islamiyya, sai jinga bayan isha. Likitocin yara na cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. In yana gyangyaɗi a kan mashin da safe, haɗari ne, a rage wani abu. Ni lesin na cire, na bar masa awa guda ya kwanta a ɗakin Inna kafin la'asar.

Takardar nan ta farko kada ki yar. Ki sake fito da ita farkon kowane zango, da kuma duk lokacin da jadawali ya motsa: azumi, da ake sauya lokacin tashi a makarantu da ofisoshi, makon jarrabawa, da ake sallamar yara da hantsi, dogon hutu, da boko ke rufe amma aiki bai rufe ba. Tamu na manne a bayan ƙofar ɗaki, kwafi ɗaya na wurin Inna, ɗaya a aljihun mai Keke. Layin Alhamis da jan biro na rubuta shi, sunan maƙwabciyarmu na kai daga ƙarfe biyu zuwa biyar, kuma duk daren Laraba sai na leƙa ta katanga na tuna mata.